Ƙashin Bayan Gidanmu

Tun tana ƙarama aka laƙaba mata Kanwa, kuma da bakinta ta jawo wa kanta. Baƙi ne suka zo gidan, wata ta tambaye ta ko ita wace ce, ta nuna yayanta ta ce, "Ni kanwarsa ce." Ƙanwa take nufi. Sai dai harshenta bai taɓa iya ƙ da ɗ da ɓ ba, haruffan nan masu ƙugiya a ka. Duk inda suka zo sai ta miƙar da su, ƙ ta koma k, ɗ ta koma d. Yaya ya faɗi ƙasa yana dariya, ya ce ashe kanwa gare su a gida, a miƙo ta a jefa a tukunya. Manya suka ce tsamin baki ne na yarinta, zai wuce. Bai wuce ba. Ta yi makaranta, ta kama aiki, har furfura ta fara leƙowa a gaban goshinta, amma Kanwa ce a bakin kowa, har da yaran da aka haifa a gabanta.

A wani gidan da abin ya tsaya a zolaya. To, Baba mai tace rubutu ne. A kamfanin buga littattafai ya ƙarar da ƙuruciyarsa, tabarau a kan hanci, yana farautar kurakuran mutane kafin a kai su inji. Mutum ne da zai yafe maka in ka taka masa ƙafa, amma ba zai yafe ba in ka rubuta ƙafar babu ƙugiya. Ga shi Allah ya ba shi kuskure mai rai a cikin gidansa, yana zaune da shi a kan tabarma ɗaya. In ta ce, "Baba, na share dakin," sai ya ce, "Ɗakin." Ta ce, "Dakin." Ya ce, "Ɗakin." Haka za su yi ta yi har abinci ya huce, sauran yara na toshe baki. Da ya gaji sai ya daina gyara mata, kuma wannan ya fi gyaran ciwo. Shi bai taɓa kiranta Kanwa ba, don bakinsa ba ya ɗaukar kuskure ko da wasa. "Ke" yake ce mata.

Sai ta koyi shiru. Ta nemi aikin da ba ya buƙatar baki, a ɗakin ajiye fayiloli na wata makaranta, ɗaki mai taga ɗaya da fanka mai kuka, inda daga ita sai kwamfuta. A nan ta gano abin da babu wanda ya sani a gidansu: a rubuce, ba ta da tsamin baki. Yatsunta sun san mazaunin kowace ƙugiya. Ko saƙon waya za ta tura wa mai gyaran famfo, sai ta sa wa kowane harafi hularsa. Ba wanda ya taɓa lura, don su Yaya masu lafiyayyen harshe ko kallon ƙugiya ba sa yi in suna rubutu.

Da kamfanin ya shirya taron karrama Baba, Yaya ya tara ƙannensa a falonsa. Ya ce za a buga ɗan littafi a raba wa mahalarta, da hotunan Baba, kowane ɗa kuma ya rubuta shafi guda. Shi zai jagoranci taron, shi zai karanta shafukan a gaban jama'a.

"Kanwa, ke ce mai zama da kwamfuta," in ji shi. "Ki tattara ki tsara. Mai ɗab'i ya ce PDF yake so. Kuma kar ki zo min da zancen sayen manhaja, na kyauta sun cika duniya."

"To, Yaya," ta ce. Kalmomi biyu ne da babu tarko a cikinsu, shi ya sa ta fi yawan faɗin su.

Amma a hanyar gida abu ɗaya ta yi ta tunani. Shafi guda nata, a bugagge, a hannun Baba. Zai sa tabarau, ya bi layi-layi kamar yadda ya saba bin na marubuta, ya nemi kuskure ya rasa. Sau ɗaya a rayuwarta za ta yi masa magana har ta kai ƙarshe bai tsayar da ita ba. Abin da take so ke nan, ba ta neman ya rungume ta, ba ta neman ya yi kuka.

Ta rubuta shafin, ta goge, ta sake. Ta ba da labarin yadda yake dawowa daga aiki da tawada a gefen hannun riga, da yadda take laɓewa a bayan ƙofa tana kallonsa yana karatu, leɓensa na motsi. A sakin layi na ƙarshe ta rubuta: "Baba shi ne ƙashin bayan gidanmu." Ta tsaya ta kalli jimlar. Ita da ta rayu da wannan ciwo ta fi kowa sanin cewa jimlar tana tafiya a bakin rami, ƙugiya ɗaya ce ke riƙe da ita. Da wata ce da ta sauya. Ita kuwa ta bar ta da gangan, da ɗan girman kai ma, don ta nuna wa Baba cewa a takarda ba ta tsoron kowace kalma.

Saura zaɓen manhajar da za ta mayar da rubutun PDF. Nan ta ga ikon Allah. Ta farko da ta gwada ta yi aikin tsaf, sannan ta shimfiɗa sunanta da manyan baƙaƙe a tsakiyar kowane shafi, har kan fuskar Baba a hoto. Wata ta juya 'yan shafuka ta tsaya, ta ce a yi rajista a biya kafin ta ci gaba, ashe kyautar ta ɗanɗano ce. Wata kuma, ta waya, ta cika mata fuska da tallan man shafawa, da fayil ɗin ya fito sai ga duk inda ƙ take an ajiye ɗan akwati fanko. Wannan ta fi ba ta tsoro. Ta zauna tana kallon akwatunan, kamar an nuna mata hoton bakinta.

Sai ta ƙirƙiri jimlar gwaji: "Ƙaramin ɓera ya ɓuya a ƙarƙashin ɗaki." Kowace manhaja sai ta ba ta jimlar nan tukuna. Wadda ta haɗiye ƙugiya ko ɗaya, ta goge ta daga kwamfutar ba tare da sallama ba. Daga ƙarshe ta dace da wata ta kyauta ta gaske, wadda ake saukewa a kan kwamfuta, ba ta talla, ba ta tambari, kuma tana cusa samfurin haruffan a cikin fayil ɗin, yadda duk inda aka buɗe shi zai fito da kayansa a jiki. Ta juya littafin. Ta buɗe a wayarta, ta buɗe a kwamfutar ofis, ta roƙi abokiyar aikinta ta buɗe a tata. Ƙugiyoyi na nan tsaye cif. Ba ta yarda ba sai da ta je shagon mai ɗab'i da kanta, cikin ƙarar injuna da warin tawada, ya fitar mata da shafinta guda na gwaji.

"Hajiya, wannan aiki ya yi," in ji mai ɗab'in. "Ba ni da abin taɓawa. Yayanki ya turo min da izini kawai, in buga."

Ta tura wa Yaya fayil ɗin, ta haɗa da saƙo: in akwai gyara ko na waƙafi ne, ya gaya mata ita ta yi, kar a taɓa wannan. Ya amsa da hoton babban yatsa.

Ranar taron ta isa da wuri. Zauren kamfanin ne, kujerun roba a jere, an ɗaura wa na gaba farin yadi, lasifika na ta tari ana gwada shi. A kan tebur kusa da ƙofa aka tara littattafan, sababbi, suna ƙamshin takarda. Ta ɗauki guda da murna, ta buɗe.

Tun a shafukan farko ta ga ɓarnar. "Takaitaccen tarihi." Ta juya. "Dan kasa na gari." Ta juya, ta juya, yatsunta na sarƙewa, har ta kai shafinta. Babu ƙugiya ko ɗaya, an aske su tas daga farkon littafin har ƙarshe. Ta sauke ido kan sakin layi na ƙarshe, ta karanta abin da aka buga, ta rufe littafin da sauri kamar wani na leƙowa.

A baranda ta sami Yaya, matarsa na gyara masa wuyan riga.

"Yaya, me ya faru da littafin?"

"Me ya same shi? Ai ya yi kyau."

"An cire... an cire kugiyoyin."

Matar Yaya ta kau da kai, kafaɗunta na motsi. Yaya ya ce, "Au, wannan? Saƙon shugaban kamfani ne ya zo a makare, dole a sa shi a gaba. Fayil ɗinki kuma kin kulle shi kamar asusu, ba ya gyaruwa. Matata ce ta samo mana wani shafi a intanet, kyauta, ka jefa masa PDF ya mayar maka da rubutun da za ka iya taɓawa. Muka ƙara, muka mayar, muka tura. Ko shayinmu bai huce ba aka gama."

"Na ce ka gaya min."

"In ta jiranki ke nan? Ke da abu kaɗan sai ki kwana kina gwaji."

"Ba ka duba ba kafin ka tura?"

Ya kalli matarsa, ta kalle shi, dariyar da suke riƙewa ta kufce. A nan Kanwa ta gane. Sun duba. Sun ga shafinta, sun ga jimlar, sun sha dariyarsu a falo, sannan suka tura.

"Haba Kanwa," in ji matar Yaya tana share ƙwalla da gefen mayafi. "Ke ya kamata ki fi kowa murna. Yau ga littafi guda an buga da yarenki."

Ta roƙe shi. Ita da ba ta son doguwar magana, ta tsaya a barandar nan tana haɗa kalmomi, suna zame mata. Ta ce ya tsallake shafinta. Ta ce in ma zai karanta, ya karanta yadda ya san ta nufa, ai bakinsa lafiya lau yake. Ya dafa kafaɗarta ya ce kar ta damu, ya san aikinsa, ta je ta zauna baƙi sun fara shigowa.

Aka shigo da Baba, da sandarsa da babbar rigarsa, aka zaunar da shi a tsakiyar layin gaba. Tsofaffin abokan aikinsa suka kewaye shi, mutanen da suka tsufa a kan gyaran rubutu irinsa. Aka miƙa masa littafin. Daga inda take zaune a layi na uku tana ganin ƙeyarsa. Ya sa tabarau, ya buɗe, ya daɗe a shafin farko. Sai ya rufe ya kife shi a cinya, bai sake buɗewa ba.

Aka yi jawabai. Yaya ya hau ya fara karanta shafukan 'ya'ya. Nasa ya fara, da murya mai daɗi, kuma duk ƙugiyar da shafin intanet ya aske, bakinsa ya mayar da ita wurinta ba tare da ya ko lura ba, kamar yadda kowane mai karatu ke yi. Haka ya yi wa na sauran ƙanne. Aka tafa, wata gwaggo ta share hawaye. Kanwa ta fara jin numfashinta na dawowa. Wataƙila zai yi mata adalci. Yayanta ne fa, ciki ɗaya.

"Saura na ƙanwarmu," in ji Yaya. Ya ɗan dakata, ya gyara tsayuwa. "Ko in ce, kanwarmu. Zan karanta shi yadda yake a rubuce, don kar in ci amanar marubuciya."

Dangi suka fara murmushi tun bai fara ba. Ya langaɓar da kai, ya siranta murya, ya ɗauko muryarta sak, wadda ya yi shekara da shekaru yana kwaikwaya.

"Ina karama, nakan labe a bayan kofa ina kallon Baba..."

Dariya ta fara daga layin yara. Baƙi da ba su san zancen ba suka duba littafin, suka ga haka aka buga, suka ɗauka wasa ne na gida da aka shirya, su ma suka saki jiki. Duk abin da ta zauna ta tsara, tawadar hannun riga, leɓen da ke motsi, duk ya bi ta cikin dariyar ya wuce, ba wanda ya ji. Ta ƙura wa ƙeyar Baba ido. Ƙeyar ba ta motsa ba.

Yaya ya kai sakin layi na ƙarshe. Ya ɗaga kai ya kalli jama'a, ya ɗaga yatsa, ya karanta a hankali, kalma-kalma.

"Baba shi ne kashin bayan gidanmu."

Zauren ya fashe da dariya. Wani tsoho ya ƙware da ruwa, ana bubbuga masa baya. Wata ta ce, "Subhanallahi," tana dariya tana toshe baki. Samari a baya suka ɗaga wayoyi. Yaya ya dafa ƙirji ya ce a yi masa afuwa, shi ɗan aike ne, abin da ya gani ya karanta. Mutane suka riƙa waiwayowa suna neman marubuciyar, matar Yaya kuma ta taimaka musu da nuni. Kanwa ta zauna, hannuwa a cinya, fuskarta na zafi kamar an kara mata garwashi. Ba ta yi kuka ba, don ta san kukan ma za a kwaikwaya.

Da aka tashi, aka kai Baba wani ƙaramin ofis a gefen zauren ya huta kafin a kawo mota. Ta bi shi. Yana zaune a kujera, sanda tsakanin gwiwoyi, abokansa biyu na tsaye a bakin ƙofa. Ta durƙusa a gabansa, ta fito da waya, ta buɗe fayil ɗinta na asali, ta faɗaɗa jimlar da yatsu biyu har ƙ ɗin ta cika fuskar wayar, da ƙugiyarta a lanƙwashe.

"Baba, duba. Ga abin da na rubuta. Ba haka na ba su ba. Na gwada manhajoji da yawa, na zabi wadda..."

"Zaɓi."

"Wadda ba ta bata haruffa. Yaya ne ya..."

"Ɓata."

Ta ɗaga wayar kusa da fuskarsa. Tabaraunsa na aljihun gaba, tana ganin gefen tabaraun ya leƙo. Bai kai hannu ba.

"Ni ban san waya ba," in ji Baba. Muryarsa a kwance take, ba faɗa a cikinta. "A aikinmu, abin da ya fita daga inji shi ne abin da aka faɗa. Ba a bin mai karatu gida a ce masa ga abin da aka nufa. Ke aka ba aikin?"

"Ni ce, Baba."

"To."

"Amma Baba, in ka duba sau daya..."

"Ɗaya." Ya numfasa. Sai ya dube ta, ido cikin ido, abin da ya daɗe bai yi ba, har wani abu mai kama da sa rai ya motsa a ƙirjinta. "Ajiye wayar. Kin ce ba haka kika rubuta ba. Ga ni, ga ki. Faɗa min da bakinki abin da kika rubuta."

Abokansa na nan tsaye a bakin ƙofa. Ta ji takun Yaya ya iso, makullin mota na kaɗawa a hannunsa, shi ma ya tsaya. Ta ajiye wayar a ƙasa. Ta tattara harshenta, ta kai shi can baya inda aka sha nuna mata tun tana yarinya, ta matse maƙogwaro, ta roƙi Allah a zuci ya ba ta harafin nan sau ɗaya, ko daga yau ba za ta ƙara samun sa ba.

"Baba shi ne..." Ta tsaya. Ta sake ɗaukar numfashi. "Baba shi ne kashin..."

Ba ta ƙarasa ba. Yaya ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

Baba ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda aka kawo wa shafi ya duba ya ga daidai yake da abin da ya zata.

"To, ina laifin na'ura?" in ji shi.

Ya dogara sandarsa ya miƙe, ya miƙa wa Yaya hannu. Da zai fita sai da ya ɗan tattare babbar rigarsa, ya kewaye ta, don tana durƙushe a kan hanya.